Guntun Allura a Ƙafar Tela

Ni tela ce, kekena kuma na ƙafa ne, irin baƙin nan mai nauyi da ake takawa. Masu keken lantarki su yi ta yangarsu, ni ban iya ba, kuma ba na so. Ƙafata ta dama ita ke ɗinki, hannuwa rakiya kawai suke yi wa yadi. Shi ya sa ranar da nas ta dubi sakamakon gwajina ta ce ciwon suga ne, ban tsaya sauraron zancen ido da ƙoda da take ta jerowa ba. Sunkuyar da kai na yi na kalli ƙafata.

Ina da dalili. Yayana, wanda nake bi, suga ne ya cinye masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Mutumin da a da in ya shigo gida sai ka ji ƙasa na amsawa, yanzu sai ƙwas-ƙwas ɗin sanduna. Ni ke gyara masa wanduna. Ni ke naɗe ƙafar wandon hagu in ɗinke bakinta, kuma wallahi duk ranar da na yi wannan ɗinki abinci ba ya shiga cikina.

Nas ɗin yarinya ce ƙarama, da kyar ta kai 'yata, amma baki gare ta. Ta ce, "Anti, zaƙi za ki yi wa sallama. Shayin nan mai suga, lemon kwalba, biskit, duk ki yafe su. Shinkafa da burodi ki rage. Rabin faranti ya zama ganye, ki ƙara wake da kifi da ƙwai. Sannan tafiya, kullum da safe."

Na ce, "Tafiya kuma? 'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake taka keke daga safe har yamma. Da tafiya ce, ai da tuni na zagaye duniya."

Ta yi dariya ta ce, "Kin zagaye ta a zaune, Anti. Idon sawu kaɗai ke aiki, sauran jikin yana kan kujera."

Ta ƙara da wasu maganganu ina gyara mayafi, a kan in riƙa duba tafin ƙafata kullum, kada kuma in yi yawo ba takalmi. Na ce to, to. Hankalina yana kan shayi, don ni a lokacin rabuwa da shayi ce babbar musibar.

Tsoro ya fi kowane likita iya magani. Ina komawa shago na jawo aljihun keke, inda mutane ke ajiye zare da almakashi, ni kuwa biskit da alewa ne a ciki, na juye su a leda na miƙa wa mai wankin mota na gefenmu. Mai shayin da ke kawo min kofi ba sai na aika ba, na ce masa daga yau in ya ƙara tsayawa a ƙofata ni da shi ne. Ya ɗauka wasa nake yi. Washegari ya zo da kofinsa yana murmushi, na wanke shi tas, har masu jiran ɗinki suna ba ni haƙuri.

Abincin ne ya fi ba ni wuya. 'Yata ta ɗauki abin da zafi, ta canja min faranti zuwa ƙarami, ta yanka kabeji da karas da kokwamba ta tula, shinkafar kuwa 'yar mitsitsiya a gefe kamar an yi wa kyanwa zubi. Na ce mata ni ba akuya ba ce. Ta ce, "Umma, ki ci ko in kira Kawu ya zo ya zauna a gabanki." Ta san lagona, ja'ira. Na ci.

Tafiya kuwa da maƙwabciyata muka fara, Malama, tsohuwar malamar makaranta da hawan jini ya sa ta ajiye alli. Na sayi takalmin roba mai igiya da safa, abin da rabona da shi tun ina ɗaliba. Gari na wayewa sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Mu bi ta bayan gidan burodi, inda ƙamshi ke neman kashe ni, mu haye gada, mu zagaye katangar filin ƙwallo, mu dawo ta layin masu walda. Da farko ko gadar ba na kaiwa sai na dafa bango ina haki, Malama tana cewa, "Tela, ɗaga ƙafa mana, ba kasuwa za mu ba." Ni kuma in ce mata ta bar ni in mutu a hankali.

Ban mutu ba. Sannu a hankali hakin ya ragu, nauyin da nake ji bayan cin abinci ya tafi, rigunana suka fara yi min yawa har sai da na zauna na rage su da kaina. Na koma asibiti, nas ta gwada, ta tafa min. Kai, na ji daɗi! Na zama mai wa'azi. Duk macen da ta zo awo sai na zagaya ƙugunta da tef in ce, "Hajiya, a rage lemo." Har Yaya ban ƙyale ba. Ya saurare ni ya gama, ya ce, "Auta, Allah ya ɗorar."

Ana nan wata mata ta kawo min labulen falo, yadi mai kauri kamar tabarma, tana sauri. Ina cikin bin gefe, inda yadin ya ninku, sai na ji ƙas. Allura ta karye. Rabin sama yana jikin keke, tsinin kuwa ya yi tsalle. Na duba kan yadi, na kakkaɓe zanina, na share ƙasa, na bi da maganaɗisun da nake tsince fil da shi. Babu. Na ce oho, ya shige wani lungu, na sa sabuwar allura na ci gaba.

Ga abin da wanda ba tela ba zai yi wuya ya gane. Ba a taka keke da takalmi. Ƙafa sai ta ji ƙarfen, ta san inda za ta danna da inda za ta saki. Ina shiga shago nake tuɓe takalmi a bakin ƙofa, haka na koya, haka na tsufa. Daga keke zuwa teburin yanka, daga nan zuwa wurin guga, duk da ƙafa tsirara nake yi. Maganar nas kuwa na ɗauka da masu yawo a tsakar gida take, ba da mai sana'a ba.

Muka ci gaba da tafiyarmu, har muka ƙara nisa. Ranar nan Malama tana bakin ƙofa tana jirana, na zauna a kan dakali zan sa takalmi, na hagu ya shiga, na dama ya ƙi. Na sassauta igiya, ya ƙi. Na ce wa Malama takalman zamani ba su da albarka, tun yanzu wannan ya tsuke. Ta ce, "Roba ba ta tsukewa, Tela. Cire safar mu gani."

Na cire. Babban yatsana ya kumbura ya yi suntum, fatar tana ƙyalli, ja ya bazu har kan ƙafa. Malama ta durƙusa ta ɗaga ƙafar ta leƙa ƙasanta.

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Yana yi miki zafi?"

"A'a."

Ta danna da yatsanta. Na ga tana dannawa, na ga wani ruwa rawaya ya fito ya gangaro mata a hannu, na ji warinsa. Amma ƙafar ba ta gaya min komai ba, kamar ta wani ake taɓawa. Da zafi na ji da na gode wa Allah. Wannan warin na san shi, a ɗakin Yaya na san shi, kuma na tuna yadda yake ce mana mu kwantar da hankali, ai ba ya jin ciwo.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likita, wani dogo mai furfura a gemu, ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna min wani ɗan farin layi a ƙarƙashin ƙashin yatsa. Ya ce, "Mama, kin san wannan?"

Na san shi mana. Har ɗan ramin zaren ana gani. Na ce, "Allurata ce."

Ya tambaye ni yaushe ta karye, na faɗa masa. Ya tambaya ko ina yawan tafiya. Na ce kullum, da alfaharina ma na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce ciwon ya daɗe a jikina kafin a gano shi, ya riga ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Duk takun da na yi a kan gadar nan, ƙara tura ƙarfen ciki nake yi. Na ji kamar in kurma ihu. Na bar shayi, na ci ganye kamar dabba, na yi tafiya don in tsira da ƙafata, ashe da kaina nake buga mata ƙusa.

Suka cire guntun, suka wanke ciwon, suka ba ni gado, suka rataya min ruwan magani. Kafin likita ya fita ya ciro biro ya zana layi a fatata, ya zagaye iyakar inda jan ya tsaya. Ya ce in ja ya tsaya a cikin layi, muna da labari mai daɗi. Bai faɗi ɗaya rabin ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da nake zana wa yadi alli, na san abin da ake yi a kan layi.

Ɗakin namu na mata ne, kusan kowace da ƙafa a naɗe. Ta gadon kusa da taga ba ta da komai daga idon sawu. Ta gefena kuwa yini take tana kiran sunayen 'ya'yanta. In an turo keken wankin ciwo, ƙarar ƙarafansa kaɗai ta isa ta sa ɗakin ya yi tsit. Ni aikina ɗaya, kallon layi. In 'yata ta kawo abinci, ido na kan layi. In Malama ta zo tana ba ni labarin wanda ya yi faɗa da wa a layinmu, ina ce mata uhm, ido na kan layi. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya, har da waɗanda rabona da su tun mahaifiyarmu na da rai.

Jan ya taɓa layin. Sannan ya haye shi, ta wajen tsakiyar ƙafa, kaɗan dai, kamar faɗin farce. Kan yatsan kuma ya fara duhu.

Likita ya zo zagayen safe, ya buɗe, ya daɗe yana dubawa. Ya ja kujera ya zauna, ni kuwa na tsani likita ya zauna. Ya ce, "Mama, ƙwayar cutar ta shiga ƙashi. Yatsan nan ya riga ya mutu. In muka bar shi, zai ja sauran."

Na ce, "Ba za a yanke ni ba."

"Yatsa ɗaya nake magana."

"Haka kuke cewa! Ku fara da yatsa ku ƙare a gwiwa. Na gani da idona a gidanmu. Da wannan yatsan nake danna keke, in ka cire shi kai za ka ciyar da ni?"

Bai yi fushi ba. Ya ce in yi tunani, amma kada tunanin ya yi tsawo. Yana fita wata mai jinya da ke zaune a gadon gefe ta matso ta raɗa min cewa akwai wani mutum a bayan gari, yana da wani man shafawa, ƙafar da ta fi tawa lalacewa ya tayar. Wallahi a lokacin ko cewa ta yi in shafa toka zan shafa. Na ce wa 'yata ta haɗa kayanmu. Ta fashe da kuka, na daka mata tsawa, ta fita da waya a hannu.

Ina zaune a bakin gado da mayafina a kafaɗa, la'asar ta kusa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga matakala. Ɗakinmu a bene yake, na'urar hawa kuma ta lalace. Na daɗe ina jin sandunan nan suna hawowa, suna tsayawa, suna ci gaba. Da Yaya ya shigo rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya zube a kujerar da likita ya tashi, ya jingine sandunan, ya ɗau lokaci kafin numfashinsa ya dawo.

Ya ce, "Auta, ina za ki?"

Na ce, "Gida. Ba zan zauna su yi min abin da suka yi maka ba."

"Me suka yi min?"

"Kai ka ce mana gaggawa suka yi. Ka ce da sun bar ka da ta warke."

Ya dubi ƙafar wandonsa, wadda ni na ɗinke. Ya ce, "Na faɗa. Kunya ce ta sa. Yatsa ɗaya suka nema a wurina, Auta, ƙaramin ma. Na zage su na tafi gida, na yi ta shafe-shafe. Da na dawo ɗauke aka kawo ni, ba wanda ya tambaye ni ra'ayina."

Shekara da shekaru ina jin haushin likitoci a kan ƙafar nan.

Ya ce, "Cire mayafin nan ki kwanta. In kuwa sai kin tafi, to ki tsaya in riga ki sauka, don ba zan iya kallon bayanki ba."

Na cire mayafin. Aka kira likita. Ya ɗora yatsunsa biyu a kan ƙafata, sannan ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Na ji wani abu yana bugawa a hankali. Ya ce, "Jini yana isowa. Sugan da kika saukar da tafiyar da kika yi, su suka bar mana wannan. Da babu shi da ba yatsa zan ce miki ba." Na ce to ya rantse min iya yatsan zai tsaya. Ya girgiza kai. Ya ce sai ya buɗe zai ga inda ruɓar ta kai, in ta wuce inda yake zato, dole ya bi ta har inda nama mai rai yake. Ya ce gara in sani tun yanzu.

Na yarda. Ban yarda don jarumta ba, tsoro ne ya sa. Abu ɗaya na roƙa, su sa ni barci, don in na ji ƙarar abin da suke yanka da shi zuciyata za ta tsaya.

Washegari da hantsi suka tura ni. Fitilun silin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, 'yata na riƙe da gefen gadon tana gudu-gudu, ni kuwa ina ta motsa yatsun ƙafar a ƙarƙashin zani, ina jin su ko ba na ji oho, ina dai motsawa. Aka rufe ƙofa. Wata ta ce in ja numfashi.

Da na farka rana ta karkata, tana shigowa ta taga. Bakina ya bushe, kaina ya yi nauyi. Ina gadona na ɗakin mata. Sun kifa wani ƙarfe mai kama da kwando a kan ƙafafuna suka lulluɓa bargo a kai, ba ka ganin siffar komai, tudu ne kawai. 'Yata ba ta nan, an aike ta karɓo magani. Yaya ne a kujera, ya sake hawo benen.

Na ji ƙafata. Na ji dunduniya, na ji tafi, har babban yatsan na ji yana min ƙaiƙayi. Farin ciki ya taso min, sai kuma ya gushe. Yatsan ai na san babu shi. In ina jin wanda babu, to sauran fa? Sau nawa na ga Yaya ya kai hannu zai sosa ƙafar da aka binne tun tuni?

Na ce, "Yaya."

"Na'am, Auta. Sannu. Likita ya ce an gode Allah."

"An gode Allah a kan me? Kai ma da aka fito da kai haka muka ce maka."

Ya gyaɗa kai, don ya san gaskiya ce.

Na ce, "Ɗaga bargon. Ni ba zan iya dubawa ba. Kada ka gaya min abin da likita ya ce, abin da ka gani za ka gaya min."

Ya jawo kujerar da kyar zuwa ƙarshen gado. Na kafe fuskarsa da ido, don na san bakinsa zai iya rufa min, fuskarsa ba za ta iya ba. Ya kama bakin bargon, ya ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zura hannu a hankali ƙarƙashin wurin da aka naɗe da bandeji, na ga gwiwata ta ɗan ɗago.

Ya ce, "Dunduniyarki ce a hannuna." Ya ƙara leƙawa. "Ga tafin. Ga sauran yatsun sun leƙo, duk suna nan. Babban ne kawai ya tafi."

Sai ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon ya fashe da kuka, kuka sosai, irin na yara, har ta gadon taga ta juyo tana ba shi haƙuri. Bai saki ƙafar ba. Na bar shi ya riƙe, har nas ta shigo ta ce masa ya ajiye ta a kan filo.